Daga Alƙahira zuwa Iskandariyya a ƙarshen mako: amsa ga ɗaliban da ba su taɓa ganin teku ba

Tambaya: Mu shida ne, dukanmu samari, muna karatu a Alƙahira. Da zarar mun gama jarrabawar zango muna so mu je Iskandariyya mu yi ƙarshen mako. Mutum biyu ne kawai a cikinmu suka iya iyo, kuma babu wanda ya taɓa ganin teku. Yaya za mu tsara tafiyar, ina ya dace mu sauka, kuma za mu iya shiga ruwa?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Tafiyar ba ta da wuya, kuma ta cancanci a yi ta. Zan bi tambayoyinka yadda ka jero su, amma ta ƙarshen zan fi daɗewa a kanta, domin kuskuren jirgi ko na masauki aljihu yake taɓawa, na teku kuwa rai yake ɗauka.

Ƙarshen mako a Masar Juma'a da Asabar ne, Lahadi kuna aji. Saboda haka ku tashi ranar Alhamis bayan la'asar. Wanda ya bari sai safiyar Juma'a zai isa ana shirin tafiya masallaci, shaguna da yawa a rufe, kafin ya sami masauki ya ajiye jaka rabin yini ya wuce. Kuɗin kwana ɗaya da za ku ƙara shi ne zai ba ku cikakkiyar Juma'a.

Ba ka faɗi wane zango ba, kuma wannan yana canza amsar sosai. Idan jarrabawar tsakiyar shekara ce, wato Janairu, kun faɗa tsakiyar lokacin nawwa, guguwar hunturu mai zuwa da ruwan sama da iska mai ƙarfi daga teku. Masuntan garin sun san su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu: Maknasa a tsakiyar Nuwamba, Ƙasim a farkon Disamba, Faida Kabira da Karam a Janairu, har zuwa Awwa a ƙarshen Maris. Kowacce takan yi 'yan kwanaki, igiyar ruwa ta riƙa tsallako katanga tana watsuwa a kan titi. A watan Oktoba na 2015 ruwan sama ya cika titunan birnin, aka rasa rayuka, har gwamnan lardin ya ajiye aiki. A hunturu masauki yana araha, gari ba cunkoso, amma ku tafi da rigar sanyi mai kauri, ku duba hasashen yanayi kwana biyu kafin tashi, maganar wanka a teku kuma babu ita. Idan kuwa jarrabawar ƙarshen shekara ce, ku yi sauri ku je kafin Yuli. Yuli da Agusta mutanen Alƙahira da na sauran larduna suke kwarara gaɓar teku don gudun zafi, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi, titin bakin teku ya cushe har tsakar dare. Ni a ganina Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi kowane lokaci.

Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 220 ne ta hanyar hamada. Jirgin ƙasa na fi so muku. Yana tashi daga tashar Ramsis, mai saurin yakan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku, yana ratsa gonakin da ke tsakanin rassan kogin Nilu, ta Banha da Ɗanɗa da Damanhur. Layin dogo ne mai tarihi, an kammala shi a 1856, shi ne na farko a Afirka. Ku kula da abu biyu. Hukumar jiragen ta ware wa baƙi farashi dabam da na 'yan ƙasa, don haka kada ku yi lissafi da abin da abokin karatunku Bamasare ya ce ya biya; ku je taga da fasfo da katin makaranta ku ji naku. Sannan tashoshi biyu ne a Iskandariyya. Jirgi yana fara tsayawa a Sidi Jabir, ya ƙare a Mahaɗɗat Misr. Wanda masaukinsa yake gabashin gari a ta farko zai sauka, wanda yake tsakiyar gari ya zauna har ƙarshe. Ku yanki tikitin dawowa tun ranar da kuka yanki na tafiya, domin yammacin Asabar kowa yake komawa, kuma kada ku zaɓi jirgin ƙarshe na dare.

Idan jirgi ya yi muku tsada, manyan bas-bas na kamfanoni irin su Go Bus da Super Jet suna bin hanyar kullum, awa uku ko fiye gwargwadon cunkoson fita Alƙahira. Ƙananan bas-bas masu jiran cika sun fi araha, sai dai gudun da direbobinsu suke yi da dare a hanyar hamada bai kai abin da za ku rage ba.

Takardu: kowa ya riƙe fasfonsa na asali da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, mai rai. Akwai shingayen bincike a hanya, kuma otal ba ya ba baƙo ɗaki sai ya ga fasfo. Wanda iƙamarsa take hannun ofishin jawazat, wato na fasfo da shige da fice, ana sabuntawa, ya tafi da rasit ɗin da aka ba shi, kuma ku kira masaukin tun kuna Alƙahira ku ji ko zai karɓa. Wanda tasa ta mutu bai kai ta sabuntawa ba, ya haƙura da wannan tafiyar, domin idan aka riƙe mutum ɗaya a shinge, sauran biyar ɗin ma hutunsu ya ƙare. Ku ɗauki hoton takardun a waya. Idan a gidan ɗalibai kuke zaune, ku sanar da masu kula da shi cewa za ku kwana biyu a waje, ku kuma bar wa wani aboki da bai je ba adireshin inda za ku sauka.

Kafin ku zaɓi masauki ku fahimci siffar garin. Iskandariyya siririya ce, doguwa, ta miƙe a gefen Bahar Rum fiye da kilomita 30 kamar an shanya rawani. Daga sansanin Ƙaitbay a yamma zuwa lambun Muntaza a gabas ya doshi kilomita 20, duk a kan titi ɗaya na bakin teku, Kurnish. Dillalai sukan ja ɗalibai zuwa unguwannin gabas, Miyami, Asafra ko Mandara, saboda can ne gidajen haya na kwana suke da yawa kuma kusa da wuraren wanka. Amma abin da za ku je gani yawancinsa yana yamma. Mai kwana biyu kacal idan ya sauka a Mandara, zai ƙarar da awoyinsa a cikin mota. Ku nemi ƙaramin otal a tsakiyar gari, a kewayen Mahaɗɗat Raml ko Manshiyya. Gine-ginen tsofaffi ne, wani lokaci lif ɗin ma sai addu'a, amma daga nan da ƙafa za ku kai babban ɗakin karatun birnin, da ƙafa za ku kai masallacin Mursi.

Ku shida ɗakuna biyu masu gado uku-uku sun ishe ku. Hayar gida mai kaya a ciki takan fi araha idan aka raba, sai dai tana da ƙa'idojinta. Masu gida da yawa iyali kawai suke ba wa, ba sa son taron samari, don haka ku faɗi gaskiyar ko ku su waye tun a waya, kada ku iso da dare a ce muku a'a. Kada ku tura wa dillali kuɗi a kan hoton da ya aiko. Ku ga gidan da idonku, ku kunna famfo da na'urar ɗumama ruwa, ku ji ko wuta tana cikin kuɗin, ku yarda a kan ladan dillali da kuɗin ajiya da ƙarfe nawa za ku fita, sannan ku biya. Fasfo kuma a ɗauki hotonsa a dawo muku da shi, ba a barinsa jingina a hannun kowa.

Ban kawo muku farashi ba da gangan. Tun da aka saki fam ɗin Masar kasuwa ta yanke darajarsa a watan Maris na 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda, duk lissafin da aka rubuta kafin nan ya zama tarihi. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda kuɗi yake raba abokai a hanya. A cikin mutum shida akwai wanda gida suke aiko masa duk wata, akwai wanda da ɗan tallafin makaranta yake lallaɓawa, kuma na biyun ba zai faɗa ba, sai dai ka ga ya ce ya ƙoshi idan an zauna cin abinci. Ku zauna tun kafin a yanki tikiti, ku tsayar da adadin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya, ku tara shi a hannun mutum ɗaya mai riƙon amana da rubutu. Daga nan za a biya mota, ɗaki, abinci da tikitin shiga wurare. Mai son ƙari ya ciro daga aljihunsa. Ku ware kashi ɗaya cikin goma kada a taɓa sai dole. Wurare da yawa na tarihi sun koma karɓar katin banki maimakon tsabar kuɗi, don haka a sami aƙalla kati ɗaya mai aiki, kuma ku riƙe katin ɗalibi, yakan rage rabin kuɗin shiga.

Ranar Juma'a ku ba wa yammacin gari. Ku yi sammako ku taka Kurnish ta gefen tsohuwar tashar jiragen ruwa ta gabas, inda kwale-kwalen masunta suke, ku yi sallah a masallacin Abul Abbas al-Mursi a unguwar Anfushi. Shehin mutumin Mursiya ne ta Andalus, almajirin Abul Hasan ash-Shazili, a nan ya rasu a ƙarni na 13. Ginin da ake gani yanzu na ƙarni na 20 ne. A gefensa akwai masallaci da kabarin Imam Busiri mai Burda. Ku je da wuri, yana cika. Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa sansanin da Sarki Ƙaitbay ya fara ginawa a 1477, a daidai inda tsohuwar hasumiyar Faros take, wadda ta yi ƙarnoni tana haska wa jiragen ruwa hanya kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. Jiragen yaƙin Ingila sun yi wa sansanin ruwan wuta a 1882, daga baya aka gyara shi. Ku hau sama, daga can za ku ga teku ta buɗe ba iyaka, garin kuma ya lanƙwasa a bayanku. A wannan yankin akwai sansanin sojan ruwa na Ra'asut Tin. Ba a ɗaukar hoton soja, 'yan sanda ko gine-ginensu, kuma jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto haramun ne a Masar sai da izini.

Asabar ta ɗakin karatun Iskandariyya ce, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2002 don raya sunan tsohon da ya ɓace tun zamanin da. Zauren karatunsa hawa-hawa ne a ƙarƙashin rufi guda mai gangarowa wajen teku, an yi shi don ɗaukar littattafai miliyan 8, katangar waje kuma an sassaƙa mata haruffan rubuce-rubucen duniya. Ɗalibi ko bai ga komai a garin ba ya ga wannan. Lokutan buɗewarsa a Juma'a da Asabar ba irin na sauran ranaku ba ne, ku duba shafinsa kafin ku tsara yinin. Idan lokaci ya ragu, dandalin Rumawa na Kom ad-Dikka yana dab da Mahaɗɗat Misr, za ku iya leƙawa da jakunkunanku kafin jirgi. Kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom ash-Shuƙafa, da aka gano a 1900, da lambun Muntaza, ku zaɓi ɗaya ko ku bar su sai wani zuwan. Masu son ganin komai a kwana biyu hotuna kawai suke komawa da su, da ciwon ƙafa.

Kifi za ku ci, ba makawa. A gidajen abincin unguwannin Bahari da Anfushi da kilo ake sayarwa: ka zaɓa, a auna, a gasa ko a soya. Ku tambayi kuɗin kilo kafin ku nuna, ku tsaya a auna a gabanku, ku ji ko salak da burodin da ake jerowa kyauta ne, ku kuma tuna manyan gidaje suna ɗora haraji da kuɗin hidima a kan lissafi. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna. Wasu jikinsu ba ya karɓa. Idan leɓe ko fuska ta fara kumbura ko numfashi ya yi nauyi, asibiti za a nufa nan take.

To, ruwa. Amsa a taƙaice: huɗun da ba su iya iyo ba iyakarsu gwiwa, biyun da suka iya iyakarsu ƙugu, a wurin wanka mai masu ceto, da rana, tuta kuma ba ja ba. Na san biyun za su ji kamar an raina su, bari in faɗi dalili.

Wanda ya koyi iyo a kogi ko tafki ko wurin wanka na otal ya saba da ruwan da yake tsaye, ko mai tafiya gefe guda da ake gani. Teku tana turo ruwa gaɓa da kowace igiya, kuma ruwan nan dole ya koma. Idan akwai tudun yashi a ƙarƙashi ya tare shi, sai ya taru ya sami wata kafa ya ɓalle ta nan da ƙarfi, ya zama siririn kogi mai gudu daga gaɓa zuwa cikin teku. Mafi ƙarfinsa yakan wuce mita 2 a daƙiƙa, gudun da gwanin iyo na gasar duniya ma ba ya cin ƙarfinsa. Abin da ya sa yake cin baƙi shi ne kamanninsa. Dama da hagu igiya tana fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuma ga wani fili mai duhu, lumui, babu hayaniya. Baƙo sai ya ce ga wuri mai lafiya, alhali nan ne bakin hanyar. Yana yawan samuwa a gefen duwatsu da katangun kankare da aka jibge don tare igiya, gaɓar Iskandariyya kuwa cike take da su.

Wannan ruwa ba ya danna mutum ƙasa, fita da shi yake yi. Abin da yake kashewa shi ne firgita da gajiya: mutum ya ga gaɓa tana nisa, ya juya yana dambe da ruwan kai tsaye, cikin minti kaɗan ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya ji ana jansa ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ruwan gishiri yana ɗaga mutum fiye da na daɗi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi. Idan da sauran ƙarfi, ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, domin hanyar ba ta cika faɗi ba, yana fita daga cikinta igiya za ta taimaka masa ya dawo.

Ga abin da na fi so ku riƙe, saboda ku abokai ne. A watan Yuli na 2020, a gaɓar Nakhil da ke Ajami, yammacin birnin, mutum 11 suka nutse a safiya ɗaya. Wurin a rufe yake saboda korona, mutane suka shiga da sassafe, yaro ɗaya ruwa ya ja, sauran suka riƙa faɗawa ɗaya bayan ɗaya don ceto. Haka abin yake faruwa a ko'ina: mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama hawa kansa yake yi, ko da ɗan'uwansa ne. Don haka ku yi alkawari tun a ɗaki cewa idan ruwa ya ja ɗayanku, babu mai binsa hannu sake. A yi ihu a kira masu ceto, a jefa masa duk abin da yake tasowa, taya ko jarka ko akwatin sanyaya lemo, mutum ɗaya kuma ya tsaya yana nuna shi da hannu kada a ɓace wurin. Alkawarin yana da ɗaci, amma shi yake hana gawa ɗaya ta zama uku.

Kada ku jira jin ihu kafin ku san akwai matsala. Mai nutsewa da ƙyar yake samun numfashin shaƙa, balle na kira. Za ka gan shi tsaye a ruwa, kai a ɗage baya, baki yana nutsewa yana fitowa, hannaye suna dukan ruwa a gefe, ba ya gaba ba ya baya. Shi ya sa duk lokacin da wasu suke ciki, mutum ɗaya ya zauna a waje, waya a aljihu, aikinsa ƙirga kawuna. Ku riƙa karɓa-karɓa.

Ba a shiga da doguwar riga ko wandon jins, idan suka sha ruwa nauyi suke yi su ɗaure ƙafa. Gajeren wando mai kai gwiwa da riga marar nauyi sun wadatar. Tayar roba da ake haya ba ta mayar da wanda bai iya iyo ba gwani, hasali ma ita take kai shi inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, iska ta tura shi ciki. Ba a shiga da asuba ko bayan magariba, lokacin da masu ceto ba sa nan. Ba a turereniya ko danna kan wani a ruwa da sunan wasa. Tubalan kankaren da ke gefen Ƙaitbay da Kurnish, inda kowa yake son tsayawa ɗaukar hoto, gansakuka ta lulluɓe su, santsi ne da su, kuma a cikin igiyoyi akan sami ɗaya da ta fi 'yan'uwanta girma ta zo ba sallama. Shi kansa titin Kurnish faɗi ne da shi, motoci suna gudu, ku nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa ko wurin da aka tanada don tsallakawa ko da za ku ƙara tafiya.

Ku adana lambobin nan a wayar kowa: motar asibiti 123, 'yan sanda 122, 'yan sandan yawon buɗe ido 126. Idan aka fito da mutum ba ya numfashi, wani ya kira 123, wani ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga haɓarsa, ya fara hura masa iska a baki, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30, hurawa sau 2, a ci gaba har taimako ya iso. Ba a ɓata lokaci wajen matsa ciki wai don ruwa ya fito. Idan kuma ya farfaɗo ya ce ya warware, amma yana tari ko numfashinsa yana sama-sama, a kai shi asibiti duk da haka, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsala bayan wasu awoyi, ko da hakan zai sa ku rasa jirgin Asabar ku bi na safiyar Lahadi.